Zomon Toshin Sallah

"Wa aka kawo wa shi, ni ko kai?"

"Ke."

"To me ya sa bakinka a ciki?"

Baji Sehrish ke nan, yayata. Tana tsaye a tsakar gida da jan mayafin aurenta a kafaɗa, tela ya aiko a gwada, allurai na nan soke a bakinsa. Ni ina zaune a kan matakalar bene ina tsinke na'a-na'a a kwano.

Na ce, "Ba zai je ba."

"Ammi, kina jin sa ko?"

Ammi tana ji. Tana durƙushe gaban akwatin ƙarfe tana danna bargunan kayan ɗaki. Ba ta ɗago ba.

Baji ta ce, "Maman Kamran da bakinta ta faɗa a waya, ku taho mana da zomonmu. Sai in shiga gidan mutane ranar farko in ce ƙanena ya riƙe?"

"Ki ce ya mutu."

"Toshin sallata ya mutu a hannuna. Tun ban shiga ba a ce ban iya riƙon abu ba. Haka kake so?"

"Ai saura kaɗan ya mutun. Kina ina lokacin?"

Ta zare mayafin a hankali don kar allura ta soke ta, ta shige ɗaki. Ammi ta rufe akwatin ta dube ni.

"Uzair, ɗana, dabba ce fa."

"Biyu ne, Ammi. In aka ɗauke ɗaya, ɗayar ma ba za ta yi rai ba."

"Waccan ta maƙwabta ce. Ina ruwanmu."

Na ɗauki kwanona na hau sama.

Masu karatu, ni ba mai magana ba ne. A gida in na jera zance ya ɗan yi tsawo sai Ammi ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne. Shi ya sa nake rubutawa a nan. Ku bar ni in koma baya, ku san abin da ake so a raba.

Na gama sakandare, sakamakon bai kai ni ko'ina ba. A shekarar Abbu, mahaifinmu, ya rasu. Mamu, ƙanin Ammi, ya ce in zo in zauna masa a shagon takalma a kasuwar cikin gari, na je na zauna. Daga safe zuwa la'asar ina durƙusa wa ƙafafun mutane. In na dawo sai in hau saman bene, don nan ne kaɗai a duk garinmu Multan ba mai tambayata me nake shirin yi da kaina.

A goman ƙarshe na azumi gidan su Kamran, wanda zai auri Baji, suka aiko toshin sallah. Farantai a lulluɓe da ƙyalle mai walƙiya: koren yadi, awarwaron gilashi, lalle, takalmi, alawar madara. Daga ƙarshe kwando, a ciki ɗan farin zomo da jan zare a wuya. Kamran ya ga ana yi a waya, shi ma ya yi. Mata suka yi ta shewa. Baji ta rungume shi aka yi hoto ta gaba, aka yi ta gefe, aka tura wa dangi har na ƙasar waje. Kafin a ankara ya kai baki kan alawar, sai aka sa masa sunanta, Barfi.

Bayan sallah ya yi fitsari a kan kafet, ya tsinke wayar cajar Baji. Aka hau da shi sama.

Toshi kuwa ba a sayarwa, ba a kyautarwa. Mayarwa kuma daidai take da a ce an fasa auren. Sai Barfi ya zama abin da ba a so, ba a kuma rabuwa da shi.

Ni lokacin Mamu ya tura ni ƙauye wurin masu ɗinka mana takalma. Da na dawo zafi ya riga ya sauka, irin wanda kwalta ke riƙe wa mutum silifa. Na hau sama da la'asar kamar kullum, wari ya kai ni bayan tankin ruwa. Yana cikin tsohon kejin tattabarun Abbu. Kwanon ruwa a kife. Gurasar da aka jiƙa masa da shayi ta bushe ta zama katako, tururuwa a kai. Ya miƙe a kan waya, kai a baya, baki a jiƙe, cikinsa na bugawa kamar keken ɗinki. Jan zaren yana wuyansa har lokacin. Shi ya girma, zaren bai girma ba.

Na cafko shi ta kunnuwa, yadda kowa ke ɗaukar zomo, na nufi bokiti.

"Uzair Bhai. Sauke shi."

Na juya. Ta bayan katangar da ta raba benenmu da na maƙwabta, wadda samanta bulo ne mai huji-huji, na ga shuɗin mayafi da idanu biyu. Nimra ce, 'yar gidan. Bhai take ce mini, wato yaya. Tare muka yi wasan ƙasa, amma tun da ta fara yafa mayafi ba abin da ya haɗa mu sai sallama. Ita tana kwalejin mata. Ni ina shagon takalma.

"Ba ta kunne ba. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙasansa. Kuma kar ka tsoma shi a ruwa, zuciyarsa za ta tsaya. Kunnuwan kaɗai za ka jiƙa. Kai shi inuwa. Kana jina ko sai na tsallako?"

"Ina ji."

Ta ɓace, ta dawo da gorar ruwa mai ƙanƙara naɗe cikin tsumma da ɗan almakashi, ta miƙo ta saman katanga. Na kwantar da shi jikin gorar a bakin matakala. Na datse zaren. Inda ya zauna ba gashi, sai jan layi. Ƙasan ƙafafunsa ma waya ta cinye. Na riƙa ɗiga masa ruwa da yatsa a gefen baki. Ban san tsawon lokacin ba. Can sai harshensa ya fito ya taɓa yatsana.

Nimra ta sauke numfashi. Ta ce, "Gidanku mutum nawa ne?"

Na ci gaba da ɗiga masa ruwa.

Na sauko da shi ɗakina na ƙarƙashin matakala, inda siminti ke da sanyi. Ammi ta yi faɗan wari. Na ce in shi zai koma sama ni ma can zan riƙa kwana. Ta ƙyale.

Nimra na da zomanya, baƙa-baƙa ce, idonta kamar an zizara mata kwalli, sunanta Kajal. Daga wurinta ta san duk abin nan. Ta ce a daina gurasa, a daina shinkafa, a daina shayi. Ciyawa, busasshiya da ɗanya, irin wadda masu amalanke ke saya wa jakunansu a bakin ƙofar gari. Sai na zama kullum ina dawowa daga shago da dami a bayan keke. Abokan layi suka fara tambayata ko na sayi jaki. Na ce e.

Saƙonninta ta wayar Dadi suke zuwa, kakarta ta wurin uba, wadda ta sa doka cewa duk abin da ya shiga da wanda ya fita sai an karanta mata da ƙarfi.

"Uzair Bhai, ya ci?"

"Ya ci."

"Ya yi kashi?"

"Ya yi."

"Turo hoto."

Na tura. Washegari na ji muryar Dadi ta katanga, tana kan gadon igiyarta tana fifita.

"Kai, beben gidan Rukhsana. Na ga aure, na ga yaƙi, na ga ambaliya. Ban taɓa ganin saurayi ya aiko wa budurwa hoton kashi ba sai a kanka. Furanni sun ƙare a kasuwa ne?"

Rukhsana sunan Ammi ne. Na ce, "Ina wuni, Dadi." Na sauka da sauri. Ina jin Nimra tana cewa, "Dadi, don Allah."

Barfi ya warke. Gashi ya rufe wuyan. Amma ba ya komai. Ya ci, ya koma lungu, ya juya fuska ga bango. In na dawo daga shago a nan zan same shi, yadda na bar shi. Na zauna a ƙasa kusa da shi, ni shiru, shi shiru. Ni hakan bai dame ni ba. Na saba.

Nimra ce ta ce ba daidai ba ne.

"Ba a halicce su su zauna su kaɗai ba. Kajal da abokin zamanta nake da su. Da sanyin bana ya mutu. Ta daina ci. Da sirinji na riƙa ɗura mata, ina kuka tana tofarwa. Ta tashi dai, amma har yau ba ta sake tsalle ba."

Ta matso jikin bulon ta ce, "Mu haɗa su mana."

Likitan dabbobi ya juya Barfi ya duba ya ce namiji ne, in ana son zaman lafiya ba tarin 'ya'ya ba sai an fiɗiye shi. Na faɗa wa Ammi a kicin. Ludayi ya tsaya a hannunta.

"Kyautar surukai za ka kai a fiɗiye? In suka ji me za su ɗauka muna nufi?"

Maganar ta tsallaka katanga. Dadi ta yi dariya har sai da aka kawo mata ruwa. Ni dai na kai shi aka yi, ban sake tayar da zancen ba.

Da ya warke muka fara. Da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, da kuma bayan la'asar, sai in hau da kejinsa in ajiye jikin katanga, ita ma ta ajiye na Kajal ta ɗaya gefen, daidai wani huji a ƙasa inda ruwan sama ke bi. Suna jin ƙamshin juna, ba sa iya kai wa juna. Kajal ta buga ƙafa a ƙasa. Barfi ya miƙe kunnuwa. Rabona da in ga ya miƙe kunne tun ranar tanki.

Muka riƙa musayar tsummokaran da suke kwana a kai. Nawa tsohuwar rigar makaranta ce. Nata guntun wani mayafi ne ruwan goro, bakinsa da ɗan aiki. Ranar da ta fara miƙo shi na sauko da shi ɗaki. Warin zomo yake. Amma a ƙasan warin akwai sabulun gidansu. Na daɗe riƙe da shi kafin in shimfiɗa wa Barfi. Wannan ban faɗa wa kowa ba sai ku.

Nimra ta ce a yi haƙuri, kar a yi gaggawa. Dadi ta ce wannan karatun kwaleji ne.

Wata safiya Nimra ta tafi jarrabawa, Dadi ta kira ni.

"Sun ga juna, sun san juna, iyaye sun yarda. Me ake jira? Ɗauko shi. Aure ai haka ake yi, a ɗauki ɗaya a kai gidan ɗaya. Ni da aka kawo ni gidan nan ko fuskar kakan Nimra ban taɓa gani ba."

Na ga kamar gaskiya ce. Haka aka yi wa Ammi, haka za a yi wa Baji, haka ake yi wa kowa. Na naɗe Barfi a tawul na zagaya ta ƙofar gidansu. Dadi har da sa mini guntun alawa a baki wai na dangin ango. Muka buɗe shingen Kajal, inda kwanonta yake, da makwancinta, da lungun da take fitsari. Na sauke shi a tsakiya.

Ban ga lokacin da ta taso ba. Sai dunƙule ɗaya fari da baƙi yana birgima, gashi na tashi sama. Na sa hannu, aka cije ni, ban san waye ba. Da na ciro shi kunnensa na hagu ya tsage, jini na bin farin gashin.

Dadi ta ce a hankali, "Uwar gida ce ashe."

Da yamma Nimra ta zo katanga. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Kun kai shi gidanta. Komai na wurin nata ne, shi baƙo. Me kake so ta yi, ta shimfiɗa masa tabarma? Ya sha wuya a hannun mutane, yanzu ka sa ya sha a hannun 'yar'uwarsa."

"Dadi ce ta ce."

"Dadi ba ta ɗaga shi ba. Kai ka ɗaga."

Saƙo ya ɗauke. Ina hawa da keji safe da yamma, ɗaya gefen ba kowa. Barfi ya riƙa tura hanci cikin hujin ruwan yana jira. Ni kuma ina duba waya kamar mai jiran sakamako. Mangwaro ya cika gari, ya fara ja baya. Kunnen ya haɗe, da ɗan gibi.

Sai ga saƙo a wayar Dadi.

"Uzair Bhai. Gobe da safe. Ka zo da kwando mai murfi, sabo, wanda ba wanda ya taɓa shiga. Ka tsayar da riksha."

Dabararta ke nan. Wurin da ba gidan kowa ba, da kuma ɗan tsoron da zai sa su manta da faɗa. Muka sa su a kwandon tare a bakin titi, muka rufe. Muka shiga riksha, babur mai ƙafa uku, Dadi ta zauna a tsakiya ta ɗora shi a cinya, Nimra a damanta, ni a hagu rabin jikina a waje. Mai riksha ya ce ina za mu.

Dadi ta ce, "Inda titi ya fi lalacewa."

Ya waiwayo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tayar da injin.

Muka bi ta ƙofar gari, ta bayan masu tukwane, ramuka na jefa mu sama. Dadi tana salati tana zagin masu gyaran hanya. Na ɗaga murfin kaɗan. Sun matse a gefe guda, Barfi ya cusa kai ƙarƙashin Kajal, ita ta kwantar da kunnuwa a bayansa. Ba cizo. Na dubi Nimra ta gaban Dadi. Ta gyaɗa kai.

Ta riga ta wanke ɗan ɗakin da ke kan matakalar benensu, inda ake ajiye tsofaffin kaya, ta goge har ba warin kowa. Nan muka juye su. Suka yi zagaye. Sai suka zo gaba da gaba, goshi da goshi, kowanne ya sunkuyar da kai ƙasa ya tsaya.

Na ce, "Me suke yi?"

Nimra ta ce, "Kowa na jira ɗaya ya fara lasar sa. Wanda ya fara, ya sauko ke nan."

"In ba wanda ya fara fa?"

"Sai su yi ta tsayuwa."

Muka yi ta tsayuwa mu ma. Dadi tana bakin ƙofa tana tsotsar mangwaro. Ta gaji. Ta matso, ta lakato da yatsa, ta shafa wa Barfi a tsakiyar goshi.

"Dadi," in ji Nimra.

"Yi mini shiru. Wannan ba ya cikin littafinki."

Hancin Kajal ya motsa. Ta lasa sau ɗaya. Ta sake. Mangwaron ya ƙare, ba ta daina ba. Ta bi goshin, ta bi ido, ta kai kan kunnen da ita ta tsaga, ta tsaya nan tana lasa a hankali. Barfi ya lumshe ido. Na ji wani ɗan sauti daga bakinsa, haƙora na gugar juna kaɗan-kaɗan. Nimra ta raɗa cewa daɗi ne.

Na ɗago. Ita ma ta ɗago. Idonta ya cika.

Dadi ta ce, "Zomayen aka zo kallo."

Da yamma saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba.

"Uzair. Ta yi tsalle."

Ba Bhai. Na yi ta karanta shi a shago washegari har Mamu ya ce ko takardar ɗaukar aiki ce.

Tun ranar ba a sake raba su ba. Suna kwana a ɗakin kan matakalar. Na cire bulo a hujin ruwan nan ya zama ƙofa, in rana ta yi sanyi su ratso benenmu su ci na'a-na'a, su koma. Rabi nasu, rabi namu. Likita ya ce yanzu ko asibiti za a kawo ɗaya a taho da ɗayan. Nimra ba ta buƙaci a faɗa mata ba. Ta riga ta gani da sanyin bana.

To kun ji abin da Baji ke so ta sa a kwando ta tafi da rabinsa.

Da na hau sama da kwanon na'a-na'a bayan faɗan, na same su kwance jikin tanki, a daidai inda kejin nan yake a da. Ban zauna ba waya ta yi motsi. Nimra.

"Na ji ku ta katanga."

"To."

"Ni ma akwai magana. Ranar Juma'a za a zo ganina. Daga Bahawalpur. Ɗan ƙawar mamata."

Na rubuta abu mai tsawo. Na goge. Na sake rubutawa. Na goge. Abin da na tura shi ne, "Kajal fa?"

"In an yi, da ita zan tafi. Ka san ba zan bar ta ba."

"Barfi fa?"

"Kai za ka faɗa."

Na kife wayar a kan siminti. Barfi ya taso ya ɗora ƙafafu a gwiwata yana neman ganye. Na ba shi. Ya ja reshen ya kai gaban Kajal suka kama shi baki biyu, kowa na ci daga nasa gefen.

Na ji takun silifa a matakala. Baji ce. Rabonta da saman nan tun kafin azumi. Ta tsaya nesa, ta rungume hannuwa.

"Ya yi ƙiba."

"Yana ci."

"Me ya sami kunnensa?"

Na faɗa mata. Kwandon, da alawar Dadi, da yadda na sauke shi a tsakiyar shingen Kajal.

"Ai bai yi mata komai ba. Don me za ta cije shi?"

"Gidanta ne. Ta san inda komai yake. Shi bai san ko inda zai tsaya ba."

Ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta tattare wandonta daga ƙura.

"To ya aka yi suka shirya?"

Na ba ta labarin riksha. Ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ni wa zai sa ni a kwando ɗaya da maman Kamran a zaga gari da mu?"

Na yi dariya. Ita ma. Sai tata ta tsaya a tsakiya.

"Tsoro nake ji, Uzair. Komai ta ce sai in ce to. Ko ta ce in taho da tankin nan zan ce to." Ta share hanci da bayan hannu. "Na ɗauka Ammi na hawa ba shi ruwa. Ammi ta ɗauka ni nake hawa."

Na miƙa mata reshen na'a-na'a. Ta riƙe shi ƙasa-ƙasa. Barfi ya dube ta, ya matso, ya ja da baya, ya sake matsowa, ya karɓa. Ta kai yatsa ta taɓa wuyansa inda zaren ya zauna. Gashi ya rufe, amma in ka taɓa za ka ji layin.

Ta ciro wayarta ta kira, ta buɗe muryar wayar don in ji.

"Kamran, maganar zomon nan ce."

"Wane zomo?"

Ta dube ni.

"Na toshi."

"Au. Yana nan da rai? Wallahi mamata ce ta ga hoton ta tuna. Mu ina muka ga wurin ajiye shi. Ki bar wa Uzair mana."

"Kai za ka faɗa mata. Ba ni ba."

"To, zan faɗa."

"Yau."

Ya ce, "Yau."

Ta kashe. Ta ɗaga haɓa yadda Abbu ke yi in ya gama ciniki.

"Amana na ba ka. In na zo ganin gida na ga ya rame, kai zan ɗaure a bayan tanki."

Ammi ta ji dariya a sama, abin da ba ta saba ji ba, ta hawo da shayi a faranti tana haki. Rana ta yi ja, tattabarun unguwa na komawa. Ta ɗaya gefen Nimra na kwashe shanya, ko dai tana yin kamar tana kwashewa, don riga ɗaya ta ninke ta warware ta sake ninkewa. Kajal ta bi ta hujin ta koma gida. Barfi ya bar ganyen da ke bakinsa ya bi ta.

Gadon igiya ya yi ƙara. Dadi ta miƙe, ta dafa katanga, ta leƙo da kanta.

"Rukhsana."

"Na'am, Dadi. An wuni lafiya?"

"Lafiya. Na ji an bar muku farin. Madalla. Baƙar kuma tamu ce, inda jikata ta sa ƙafa nan za ta. Likita ya ce ba a raba su. Jikata ta ce ba a raba su. Har beben ɗan nan naki ya buɗe baki yau ya ce ba a raba su, duk layin nan sun ji. Jibi kuma masu Bahawalpur na tafe da alawarsu." Ta gyara zaman tabarau. Ba zomayen take kallo ba. "Ni tsohuwa ce, kaina ya daina ɗaukar lissafi. A gidan wa za su zauna?"

Ammi ta tsaya da kofi a hannu, ba ta kai baki ba, ba ta ajiye ba. Ta dubi Dadi. Ta dube ni, irin kallon da take yi wa yadi in tana so ta san ko zai zuba. Baji ta sa bakin mayafi ta rufe baki. Nimra ta daina ninke rigar. Ni wuyana ya yi zafi har kunnuwa.

Ta hujin katanga ina hango su, sun kwanta jiki da jiki, farin ya ɗora haɓa a kan baƙar.

Dadi ta ce, "Shayin zai huce, Rukhsana. Na ce a gidan wa?"